Wutar da Muke Kullewa a Cikin Shago



Shekarata 31 ke nan a Kumasi. Na shigo garin ina yaron wani mai goro, Allah Ya jiƙansa, daga baya na koma sayar da kayan aikin hannu: guduma, zarto, ƙusa, kwaɗo, fenti da makamantansu. Yau rabin jarina yana cikin injinan da ba su da waya, wato injin huda, injin yankan ƙarfe da zarton lantarki masu aiki da batir. A bayan shagon ina da ɗan wurin gyara, inda yara uku suke aiki. Kafintoci da masu walda da magina ne abokan cinikina, har daga Suwame ana zuwa. Saboda haka abin da zan faɗa a kan batir da fetur da tina, abu ne da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san gobara ba baƙuwarmu ba ce. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Ta Sabon Garin Kano ta ƙone a watan Maris na 2016. A ranar 2 ga Janairun 2025 aka wayi gari Kantamanto ta Akra, kasuwar gwanjo, ta zama toka, ba a cika wata uku ba ta Adum a nan Kumasi ta biyo baya, ana cikin azumi. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sabuwar kasuwar Kejetiya a Maris na 2023, domin abin da hukumomi suka faɗa a lokacin shi ne, girki ake yi a wani shago, ga kuma kayan da ke saurin kamawa a jibge kusa da shi. Gini ne sabo na zamani, an kashe masa kuɗi. Abin da aka ajiye kusa da wuta shi ya jawo.

Mu da muke zaune a ƙasar wasu, asarar tamu ninki biyu ce. Yawancinmu ba mu da inshora. Kayan da ke kan kanta rabinsu bashi ne, na amana daga Lome ko Legas ko Kano. Wani ma fasfonsa da takardun zamansa da kuɗin adashen mutane duk suna cikin durowar shago. Sannan idan wuta ta tashi daga wajenka ta ci na maƙwabta, ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi daga shagon Bahaushen nan ta fito. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a zango shekara da shekaru sai ya sami tabo saboda caja guda ɗaya.

A da, abin tsoronmu a bayyane yake: fitilar kwai, kurfoti, guntun taba, wayar lantarki da aka yi wa haɗin gambiza. Yanzu an sami sabon baƙo wanda ba ya hayaƙi, ba ya wari, yana zaune lafiya lau a kan kanta har ranar da zai tashi. Batirin litiyam ke nan, irin wanda ke cikin wayarka, sai dai na injin aiki ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Idan ka kwance batirin injin huda mai bolt 18, za ka tarar da ƙananan batura a jere kamar 'yan yatsu, guda 5 ko 10. Kowane ɗaya yana ba da bolt 3.6, biyar a haɗe su ne 18 ɗin. Wanda aka fi samu ana ce masa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. A cikin kowane ɗaya akwai falle biyu da aka naɗe kamar tabarma, a tsakaninsu an sa wata 'yar leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ce mai hana su taɓa juna. Duk wannan yana jiƙe cikin wani ruwa mai kamawa da wuta. To idan batir ya faɗo daga kan tsani, ko ƙusa ta soke shi, ko zafi ya yi masa yawa, ko cajar banza ta ɗura masa fiye da ƙima, wannan 'yar ledar ce take lalacewa. Fallayen su haɗu, zafi ya tashi, zafin ya ƙara haifar da wani zafin, ɗan yatsa ɗaya ya kama ya kunna na kusa da shi. Abin da ya sa wutarsa take da wuyar kashewa shi ne, daga ciki take ci, kuma kayan cikin suna sakin iskar da wuta ke buƙata. Ka rufe ta da bargo, tana nan tana aikinta. Tana iya lafawa ka ce ta mutu, bayan awoyi ta sake tashi.

Kada wani ya ce ai sai kayan araha. A 2016 kamfanin Samsung da kansa ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta yana kamawa. Idan babban kamfani zai gamu da haka, ina ga batirin da aka harhaɗa da tsofaffin 'yan yatsu aka manna masa takarda?

Wannan ya kawo ni kan jabu, inda nake yawan samun saɓani da abokan ciniki. Za ka ga injin huda an rubuta masa 88V ko 198V da manyan baƙaƙe, ka kwance shi ka ga 'yan yatsu biyar ne, wato bolt 18. Ka ga 18650 an rubuta masa 9900mAh, alhali na ƙwarai ba ya wuce wajen 3500. Wanda ya yi maka ƙarya a bayan kwali, me kake zaton ya yi a ciki? Kayan ƙwarai suna da ɗan allon lantarki mai lura da zafi, mai yanke caji idan batir ya cika. A jabu, wannan allon ne ake fara rage wa kuɗi. Ni dai na ɗauki batir a hannu na ji ba nauyi, na san labarinsa. Ba na sayar da shi. Akwai wanda ya ce mini, "Haba Alhaji, na wancan layin rabin kuɗin naka ne fa." Na ce, "Gaskiya ne, Malam, je ka saya. Amma don Allah kada ka yi cajinsa a ɗakin da yaranka suke kwana." Ciniki yana wuce ni ta wannan hanya kusan kowane mako, kuma yana yi mini ciwo, don ni ma ina da kuɗin haya da na makaranta. Na dai zaɓi in rasa ribar.

Wani kafinta abokin cinikina, mutumin kirki, shi ya nuna mini ƙarshen irin wannan. Ya sayi batir a hannun masu yawo da kaya, ya jona shi da yamma a kan bencin aiki, ya rufe shago ya tafi. A ƙarƙashin bencin akwai garin katako, a gefe ga galan na tina da gwangwanin gam, a jingine da bango ga soson kujeru. Wajen ƙarfe biyun dare mai gadi ya ji ƙara kamar ana harba ƙaramar bindiga. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, shagonsa da biyu na maƙwabta sun tafi, har da kujerun auren 'yar wani da aka riga aka biya. Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba, don yaron da ya saba kwana a ciki ya je biki a daren. Da na je yi masa jaje, yana zaune a kan bulo, ya ce mini, "Alhaji, batirin nan bai kai girman sabulu biyu ba." Na ce, "Shi ya kunna, amma tinar da soson ne suka cinye shagon."

Wannan ita ce maganar gaba ɗaya a wajena: abin da ke kunnawa da abin da ke ci, a raba musu ɗaki. Ga yadda na tsara nawa wajen, ko wani zai ɗauki abin da ya dace da shi.

Wurin caji guda ɗaya ne a shagona, ba biyu ba. Dakali ne na siminti da na sa aka gina a jikin bangon bulo, babu katako, babu kwali, babu labule kusa da shi, aƙalla taku biyu ta kowane gefe. Na nisanta shi da ƙofa da gangan, domin idan ya kama kada ya tare mana hanyar fita. Kowane batir da cajarsa ta asali, kuma kai tsaye a soket ɗin bango, ba a jona biyar a kan wayar ƙari ɗaya ba. Batirin da ya fito daga aiki da zafi sai ya huce kafin a ɗora shi. Masu ƙera su sukan rubuta cewa a yi caji a inda zafi bai wuce digiri 40 ba, kada kuma a ajiye su inda zai kai 50. 'Yan'uwanmu na Yamai, Maraɗi, Marwa da Injamena su lura da wannan, domin a watan Afrilu ko a inuwa kuna wuce 40, balle cikin kwantena ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Ku yi cajinku da sassafe. Kuma dokar da ba ta da sassauci: ba a caji sai da mutum a wurin. Idan za mu tafi masallaci gaba ɗaya, a zare. Idan an ɗauke wuta, abin da mutanen nan suke kira dumso, a zare, don kada a dawo da ita cikin dare a sami caja a jone ba kowa.

Baturan da ba a aiki da su suna cikin kabad na ƙarfe da mai walda ya haɗa mini, a ɗore a kan bulo, a gefen da rana ba ta bugu. Wanda ba shi da hali, adakar ƙarfe irin ta 'yan makarantar kwana ta wadatar. Sai dai a huda mata 'yan ramuka ta sama. Batir idan ya kama yana fitar da iska mai yawa, akwatin da aka toshe ruf yana iya fashewa. Ban tara su wuri ɗaya kamar doya ba, na raba su gida-gida da guntayen tayil. Bakin kowanne a rufe yake da murfinsa ko salatif, kuma ba a jefa ƙusa, makulli ko sifana a cikin kabad ɗin, don ƙarfe ɗaya ya haɗa bakin biyu shi ke nan. Wanda zai daɗe a ajiye, rabin caji nake bar masa, ba cike ba, ba kuma fanko ba.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya sha ruwa, ko yake zafi alhali ba a aiki da shi, ko kake jin wani wari mai ɗan zaƙi kamar na man goge farce, ya gama zama cikin shago. Akwai bokitin ƙarfe cike da busasshen yashi a tsakar fili, nesa da bango, can yake komawa. Ba na bari yara su buɗe shi da sukudireba wai za su ciri masu rai. Idan 'yan gwangwan sun zo, ina faɗa musu abin da ke ciki, don na san guduma suke sa wa kaya.

Sai ɓangaren masu ci. Mutane suna ɗauka ruwan fetur ne yake kamawa, alhali tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar maciji, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya taru a kwata ko rami. Idan ya iske tartsatsi a can nesa, wutar ta biyo shi har bakin jarka. Haka tina take, haka gam ɗin kafintoci da na masu takalma, haka gas ɗin girki. Kananzir da man dizal sun fi su haƙuri, amma idan wuta ta riga ta tashi su ma abincinta ne. Waɗanda suke bin hanyar Kwatano sun san abin da ya faru a Seme-Krake a Satumbar 2023, inda rumbun ajiyar fetur ya kama, mutum fiye da 30 suka rasu.

Nawa fetur na janareto da galan-galan na tina suna wani ɗan ɗaki na bulo a bayan fili, ba wayar lantarki a ciki, da ramukan shan iska ta sama da ta ƙasa. Na ƙasan sun fi muhimmanci, tunda can tururin yake kwanciya. Abin da za a yi aiki da shi a yini shi kaɗai yake shigowa wurin gyara, ragowar ya koma kafin magariba. Jarka ba a cika ta har wuya, domin mai yana kumbura da zafi. Ba a zuba wa janareto mai yana aiki ko yana da zafi. Ranar da za a yi fenti, ba a kunna injin yankan ƙarfe, don tartsatsinsa yana tafiya taku da yawa, ya faɗa cikin garin katako ya yi ta ci a ɓoye har dare. Tsummokaran da aka goge man katako da su, musamman irin mai bushewa da ake shafa wa ƙofofi da kujeru, idan aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya ɗaukar zafi su kama da kansu ba tare da ashana ba. Mu a gwangwanin ƙarfe mai murfi muke jefa su, da ruwa a ciki. Kowace yamma kuma sai an share garin katako tas.

Ba da daɗin rai yaran suka karɓi wannan tsari ba. Babbansu ya taɓa ce mini, "Baba, tsautsayi fa ba ya wuce ranarsa. Duk wannan wahalar ta mece ce?" Na ce, "Haka ne, ɗana. Amma ka tambayi malaminku, ai an hore mu da kashe wuta kafin mu kwanta, tun zamanin fitilar mai. Cajar nan ita ce fitilar yau." Bai ce komai ba, amma yanzu shi ne yake zagayawa yana taɓa soket ɗaya bayan ɗaya kafin a sa kwaɗo.

Maganar kwaɗo ta tuna mini abin da ya fi komai nauyi a wannan rubutu. Da yawanmu muna da yara da suke kwana a shago, 'ya'yan 'yan'uwa da aka damƙa mana amana daga gida. Saboda tsoron ɓarayi, wasu suna kulle su ta waje, ga tagogi duk an yi musu ƙarfe. Ɗan'uwa, idan akwai batir a caji da galan na fetur a ɗakin, ka san abin da ka kulle yaron nan da shi. Me za ka gaya wa uwarsa a waya? Duk inda mutum zai kwana, ya zama yana iya buɗe ƙofa daga ciki, a cikin duhu, ba tare da neman makulli ba. A sa ɗan na'urar nan mai ƙara idan ta ji hayaƙi, kuɗinta bai kai na batir ɗaya na ƙwarai ba. Hayaƙi yana gama da mai barci tun kafin wuta ta iso shi.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kowa ya san aikinsa tun kafin ranar. Tukunyar kashe gobara mai hoda tana rataye a bakin ƙofa, ba a ƙuryar shago bayan kwalaye ba, kuma a riƙa duba allurarta tana kan kore. Wutar fetur ko tina ba a watsa mata ruwa, mai yana hawa kan ruwa ya bazu da wutarsa. Yashi ko hoda ake sa mata. Wutar batir kuwa ruwa mai yawa yana taimakawa don yana sanyaya shi, amma sai an yanke lantarki tukuna, kuma daga nesa, don yana tofar da wuta yana harba 'yan yatsunsa. Hayaƙinsa guba ne, kada a tsaya shaƙa. Idan ta fi ƙarfin tukunya ɗaya, a fita, a kira 'yan kwana-kwana, kada wanda ya koma ɗauko kuɗi. A Gana 192 ne ko 112, a Nijar 18, a Kamaru 118. Na rubuta tamu da fenti a jikin ƙofa.

Masu kai kaya a mota, ku bar batura cikin kwalayensu, kada a ɗora su can saman lodi a ƙarƙashin tamfol rana tana dukansu yini guda, kada kuma su yi maƙwabtaka da jarkokin direba. Masu hawa jirgi, batirin da ba ya jikin inji a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Lissafin mai sauƙi ne: bolt 18 sau 5Ah ya ba da 90, ya shiga. Mai 6Ah ya ba da 108, sai ka tambayi kamfanin jirgin.

Iyayenmu mata, ku ma da naku. Uwargidana ce ta kafa doka a gidanmu cewa batirin shago ba ya shigo mata ɗaki, kuma ba mai kwana da waya a caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. Idan maigida ya dawo da batir ya ce zai jona a falo zuwa safe, ku ce masa a'a, ku ce ni na faɗa. Kananzir da tina kuma kada a zuba su a robar ruwa ko kwalbar lemo, yaro ba ya karanta takarda, ɗauka yake ya kai baki.

Hunturu yana tafe, lokacin da komai yake bushewa iska kuma take kaɗawa, kuma shi ne lokacin da gobara ta fi yawa. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan zango su sa wannan magana a taron wata. Layi ɗaya na shaguna goma zai iya haɗa kuɗi ya sayi tukwanen kashe gobara, ya gayyaci ma'aikatan kwana-kwana su nuna wa yara yadda ake riƙe su. Wanda ya gyara nasa shagon ya leƙa na maƙwabcinsa, don bango ɗaya ne tsakaninku. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, mu kuwa mun ga gemu da yawa sun kama.

Yau kafin ka sa kwaɗo, ka tsaya a bakin ƙofa ka duba abu uku: akwai abin da ke jone, akwai galan ɗin da bai koma wurinsa ba, kuma wanda zai kwana a ciki zai iya fita?

Allah Ya tsare mana rayukanmu da dukiyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya mai da kowa gida lafiya. Amin.